Fiyarmu ba irin ta cikin bidiyo ba ce: Yadda za ki zaɓo ta, ki nunar da ita a gida



A makon jiya wata maƙwabciyata a nan Orozo ta shigo kemis ɗinmu, amma ba magani ya kawo ta ba. Leda ce a hannunta da fiya uku a ciki, duk an tsaga su. 'Yarta da ke ajin ƙarshe a sakandare ce ta ga wani haɗin fiya a TikTok da ake kira gwakamoli, ta hana ta sakat sai an yi a gida. Suka sayo fiya a bakin titin Karshi, manya-manya, koraye shar. Mai bidiyon ta ce kada a yanka sai ɓawon ya yi baƙi, saboda haka suka zauna jira. Kwana tara ana leƙawa, fiya tana nan da korenta. Ranar da suka gaji suka sa wuƙa, sai suka tarar cikin ya koma ruwan ƙasa, yana tashin tsami, ga wasu baƙaƙen zare-zare.

Ta ce mini, "Likita, ko dai wani magani aka sa musu?" Haka suke kirana a unguwa, duk da na sha gaya musu cewa ni mai haɗa magunguna ce, ba likita ba. Na ce mata, "Maman yara, babu wanda ya sa musu komai. Tun kwana na huɗu ko na biyar suka nuna, ke ce kika tsaya jiran launin da ba zai zo ba." Da tsadar da fiya take yi yanzu, zubar da uku ba ƙaramar asara ba ce, kuma na san ba ita kaɗai hakan ya faru da ita ba.

Ga wanda bai san shi ba, gwakamoli ba wani abu ne mai wuya ba. Ni dai kwaɗon fiya nake ce masa. Asalinsa daga ƙasar Meksiko ne, yankin da ita kanta fiyar ta fito, kuma sunan daga harshen mutanen Aztek yake, inda aka haɗa kalmar fiya da kalmar miya. Ana murƙushe nunanniyar fiya a ɗan turmin dutse, a zuba lemon tsami da gishiri da albasa da barkono, wasu su ƙara tumatir. Ba ya ganin wuta ko kaɗan. Shi ya sa komai ya rataya a kan fiyar. Miyar da aka dafa takan rufa wa tumatir mara kyau asiri, kwaɗon fiya kuwa ba ya rufa wa kowa. In ɗanya ce, za ki ji ɗaci da tauri kamar kina tauna roba. In ta zarce, warin ma ya ishe ki.

To me ya sa shawarar mai bidiyo ba ta yi aiki a Orozo ba? Fiyar da ake nunawa a yawancin waɗannan bidiyoyi iri ɗaya ce tak, sunanta Hass. Ƙarama ce, ɓawonta da kaushi kamar mai ƙuraje, kuma tana rikiɗa daga kore zuwa baƙi-baƙi idan ta nuna. Wani mai rarraba wasiƙu ne a jihar Kalifoniya ta Amurka, Rudolph Hass, ya shuka bishiyarta ta farko a 1926, ya yi mata rajista da sunansa a 1935. Duk wata bishiyar Hass da ke duniya a yau, daga Meksiko har Kenya, daga reshen waccan bishiya guda aka yaɗa ta, ta hanyar aure, irin yadda ake yi wa mangwaro. Don haka halinsu ɗaya ne, doka ɗaya ta ishe su.

Tamu ba haka take ba. Yawancin fiyar da ake saukewa a Kasuwar Orange ta Mararaba ko kasuwar kayan marmari ta Zuba, sannan 'yan kiri su rarrabo mana ita zuwa Nyanya, Jikwoyi, Kurudu da Orozo, daga bishiyoyin da suka tsiro daga ƙwallo take, a bayan gidaje da gonaki a Filato, Mambila, Binuwai da jihohin Kudu. Bishiyar da ta tsiro daga ƙwallo kuwa ba ta gado uwarta sak. Shi ya sa a tire ɗaya za ki ga mai dogon wuya, ki ga kewayayya, ki ga mai santsin ɓawo, ki ga mai ɗan kaushi. Wata takan yi ja-ja ko shunayya idan ta nuna, amma da yawa a korensu suke nuna, a korensu suke ruɓewa. Launi ba shaida ba ne a wurinmu. Hannu ne shaida.

Af, in za ki aiki yaro, ki yi masa bayani sosai. A kasuwannin Abuja suna ɗaya ake kiran wannan fiya da waccan 'yar ƙarama mai ruwan shuɗi da ake gasawa a ci da masara, wadda Inyamurai ke ce wa ube. Ba danginsu ɗaya ba, kuma waccan ba ta kwaɗo.

Akwai kalmomi biyu da Hausa ta raba, waɗanda nake so ki riƙe su da kyau: ƙosawa da nuna. Fiya a bishiya take ƙosawa, amma ba ta nuna a bishiya. Muddin tana maƙale da reshe, tauri za ta ci gaba da yi ko da ta yi watanni. Sai an tsinko ta ne take fara fitar da wata iska da ake kira etilin, wadda ke sa tsokar ta yi laushi. Sai dai wannan ba ya yiwuwa yadda ya kamata sai in ta ƙosa kafin a tsinke ta. Wadda iskar farkon damina ta kakkaɓo, ko wadda aka yi gaggawar tsinkewa don a riski kasuwa tun tana tsada, ba za ta taɓa nuna mai kyau ba. Za ki ajiye ta mako biyu, ta yamutse, ta yi laushin roba, cikinta ruwa-ruwa babu maiƙo. Wannan tun a kasuwa aka yi asarar, babu dabarar da za ta gyara ta a gida.

Saboda haka abin da kike nema a kasuwa shi ne ƙosasshiya. Ki ɗauke ta ki ji nauyinta. Wadda ta fi takwarorinta nauyi a girma ɗaya ita ce taki. Ki dubi ɓawon: ƙosasshiya ƙyallinta yakan ɗan dushe, wadda ke sheƙi kamar an shafa mata mai galibi da sauranta. Ki dubi wuyan, ya kasance a cike, ba a tsuke ko a yamutse ba. Ki fi son wadda ɗan guntun karanta yake nan a maƙale, domin ta wannan ƙofa ruɓa ke shiga. Tabon da ya bushe ya yi ruwan ƙasa kamar ɓamɓaroki, wanda gogar reshe ke jawowa, ba ya cutar da cikin, kuma sau da yawa za a rage miki kuɗi saboda shi. Abin gudu shi ne baƙin tabo mai lotsawa, da tsagewa, da huda.

Wasu kan girgiza ta a kunne su ji ko ƙwallon yana motsi. A wasu ire-iren fiyarmu ƙwallon yakan saki jikin tsoka, amma ba kowace iri ke yin haka ba, kuma motsin ba ya gaya miki ta nuna. In da yawa za ki saya, abin da ya fi shi ne ki biya kuɗin guda a tsaga miki. Ki dubi fatar da ta lulluɓe ƙwallon. In siririya ce mai ruwan ƙasa kamar ɓawon albasa, kayan sun ƙosa. In fara ce mai kauri, ki yi gaba. Ki kuma tambayi mai kayan ko mai maiƙo ce, wadda suke ce wa mai bota. Fiyar Hass tana da mai kusan giram 15 a kowane giram 100, manyan nan masu santsi kuwa sukan tsaya wajen giram 10, shi ya sa kwaɗonsu ke tsinkewa. In kika dace da mai sayarwar da fiyarta ke da maiƙo, ki riƙe ta, domin galibi daga wuri ɗaya take saro kayanta.

Gwajin nuna kuma da tafin hannu ake yi, ba da babban yatsa ba. Ki ɗora ta a tafin hannunki ki ɗan matsa ta gaba ɗaya a hankali. Nunanniya za ta ɗan ba da kai, kamar tsokar da ke gindin babban yatsanki, ba tare da ta lotsa ba. Ina roƙonmu mu daina danna kayan mutane da yatsa a kasuwa. Kowane dannawa baƙin tabo ne a ciki bayan kwana biyu, kuma wata baiwar Allah ce za ta saya ta kai gida. In kin iso gida, kina iya ɗan ture guntun karan da farce. In ya fita cikin sauƙi kika ga kore ko ruwan ɗorawa a ƙarƙashi, ta yi. In ya ƙi fita, ki ƙyale ta zuwa gobe. In baƙi kika gani, ki yanka yanzu ki ceci abin da ya saura.

Ni shawarata ita ce ki sayo mai tauri ki nunar da abinki. Wadda ta riga ta yi laushi a tire ta sha rana, ta sha matsa, ta sha jijjigar mota. Ƙosasshiyar fiya a ɗaki takan ɗauki kwana huɗu zuwa bakwai, a lokacin zafi kuma ƙasa da haka. In kina sauri, ki haɗa ta da nunanniyar ayaba guda ɗaya, domin ayaba tana fitar da etilin da yawa, ki naɗe su a takarda. Wannan jaridar ma za ta yi, bayan kin gama karanta shafina. Ƙwarya a rufe da faifai ma daidai ce, wataƙila ma ta fi. Da haka kwana biyu ko uku ya isa. Amma ban da takardar buhun siminti, kuma ban da ƙulle ta a leda. Fiya tana numfashi ko bayan an tsinke ta. In kika toshe mata iska za ta yi gumi, ta yi funfuna, cikin ya yi wari. Ki riƙa dubawa safe da yamma, domin tsakanin ta yi da ta zarce wani lokaci yini ɗaya ne.

Wurin ajiya ma yana da muhimmanci, kuma nan ne muka fi yin kuskure. Mutane suna ganin zafi ne ke nunar da ita, sai su shanya ta a rana ko su ajiye ta kusa da murhu. Fiya ta fi son wuri mai sanyi-sanyi, wajen digiri 18 zuwa 24. Da zarar zafi ya haura digiri 30, nunar takan rikice: gefe ɗaya ya yi lugub, ɗayan yana nan da tauri. Mu kuwa a Abuja, a watan Maris da Afrilu zafin rana yakan wuce 35. Ki nemi lungun da ya fi sanyi a gidan, a ƙasa, kusa da randa in kina da ita. Maigida, in kai ne mai cefane, kada ka jefa ta a but ɗin mota sannan ka shiga cunkoson Nyanya na awa biyu. A gaban mota za ka ajiye ta. Sa ta a oben ko a tafasasshen ruwa, kamar yadda wasu ke koyarwa, dafa ta kawai yake yi. Laushi za ta yi, ɗanɗanon ɗanya na nan.

Firij kuma sai bayan ta nuna. Ɗanyar fiya in ta sha sanyi, musamman irin tamu ta ƙasashe masu zafi, tsokarta takan yi toka-toka ta ƙi nuna ko an fito da ita. Nunanniya tana iya kwana biyu ko uku a firij, in wuta ta tsaya.

Tambayar maƙwabciyata kan ko an sa magani ba ta banza ba ce. Akwai masu nunar da kayan marmari da kabayid, wannan dutse mai wari da masu walda ke amfani da shi. In ya haɗu da danshi yana fitar da iskar asitilin, wadda ke kwaikwayon aikin etilin, amma kabayid ɗin kasuwa yana ɗauke da gurɓatattun sinadarai irin su asenik da fosforas. Hukumar NAFDAC ta haramta yin haka, kuma a 2023 ta ƙaddamar da gangamin wayar da kai a kansa a faɗin ƙasa. An fi yi wa mangwaro da ayaba da agada. Gane wanda aka yi wa da ido ba abu ne mai tabbas ba, kodayake farin gari a jikin ɓawo, ko waje ya nuna ciki da tauri, abin zargi ne. Wadda ta sayo fiyarta da tauri ta nunar a ƙwaryarta ta fita daga wannan zullumi gaba ɗaya.

Yanzu ga kwaɗon. Kafin komai ki wanke hannu, ki wanke fiyar da ruwa mai tsabta ki goge ta. Za ki ce ai ba a cin ɓawon. Gaskiya ne, amma wuƙa ta ɓawon take bi ta shiga tsoka. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta taɓa gwada ɓawon fiya, ta samu ƙwayar cutar listeriya a kusan ɗaya cikin kowane shida. Wannan ƙwaya ta fi haɗari ga masu juna biyu da jarirai da tsofaffi. Ita dai wannan hukuma ce a 2022 ta gargaɗi mutane kan wata dabarar intanet ta jiƙa fiya a ruwa a ajiye a firij, domin ƙwayar tana yaɗuwa a cikin ruwan. A wurinmu kuma fiya ta fi yawa ne a damina, lokacin da amai da gudawa ke yawo, ga shi albasa da tumatir da attaruhun duk ɗanye za a ci su.

Ki yanka ta a kan katako, ba a tafin hannu ba, ki cire ƙwallon da cokali. Salon nan na sara wuƙa a ƙwallo ya sha tsinka wa mutane jijiyar yatsa. Ga fiya biyu matsakaita: rabin ƙaramar albasa yankakkiya ƙanana, ki jiƙa ta a ruwan lemon tsami ɗaya na 'yan mintoci don zafinta ya ragu, tumatir ɗaya mai tauri, a cire 'ya'yan da ruwan, rabin attaruhu, gishiri ɗan kaɗan. Ki murƙushe fiyar da cokali mai yatsu, ki bar ta da ɗan gudaji, sannan ki juye sauran. Kada ki sa ta a injin markaɗe, kunu za ta koma. Mutanen Meksiko suna sa ganyen koriyanda. Ni lansir nake yankawa a ciki, kuma ban taɓa jin ƙorafi ba. Dunƙule bai da gurbi a nan. Yana tafiya da gurasa, da burodi, da dafaffiyar doya ko dankali, da soyayyiyar agada, har da shinkafa da wake.

In ya ɗan jima za ki ga samansa ya yi duhu. Iska ce ta taɓa shi, ba lalacewa ba ce. Lemon tsami yana jinkirta hakan, haka ma in kika manna leda mai tsabta a fuskarsa yadda iska ba za ta samu wuri ba. Cusa ƙwallon a tsakiya ba ya kare komai sai wurin da ya danne. Amma kada ya wuce awa biyu a waje, a ranar zafi ma awa ɗaya. Ki yi daidai wanda za a cinye.

Ga yawancin mutane fiya abinci ne mai kyau. Mainta irin wanda zuciya ke so ne, tana da harza mai taimakon hanji, sukarinta kaɗan ne ƙwarai. Mai ciwon sukari zai iya ci. Abin da zai lura da shi shi ne burodin da zai ɗora ta a kai, da sukari da madarar gwangwani da wasu ke kwaɓa ta da su. Jaririn da ya cika wata shida ma ana iya dama masa ita zalla, babu gishiri babu attaruhu.

Sai dai akwai waɗanda nake so su tsaya su karanta wannan sau biyu. Fiya tana da sinadarin fotasiyam da yawa, tsakanin miligiram 350 zuwa 500 a kowane giram 100 gwargwadon iri, alhali ayabar da ta yi suna a kansa wajen 360 take da shi. Babbar fiya irin tamu guda ɗaya tana iya ba ka sama da miligiram 1,000. Mai lafiyayyar ƙoda fitsari zai fitar da rarar. Amma mai ciwon ƙoda, ko wanda ke shan lisinopril, losartan ko spironolactone, magungunan da ke sa jiki riƙe fotasiyam, sinadarin yana iya taruwa a jininsa har ya rikita bugun zuciya, kuma sau da yawa ba ya yin sallama. Na rubuta sunayen yadda suke a jikin kwali don ku je ku duba. In ƙodarka lafiya take, 'yan cokula na kwaɗon fiya ba matsala ba ne. Cinye babbar fiya kullum ne ke buƙatar ka yi magana da likitanka, a auna jini. In kuwa an taɓa ce maka ƙodarka ta taɓu, tambaya kafin ci. Mai shan warfarin, maganin tsinka jini, shi kuma kada ya tashi dare ɗaya ya mayar da fiya abincin kullum, domin tana da bitamin K kuma an samu rahoton ta rage wa maganin ƙarfi. Wanda safar hannu ta roba ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi ya yi hattara, domin wasunsu fiya da ayaba ma suna tayar musu.

Sai maganar ƙwallon. Kusan duk wata sai wani ya zo mini da saƙon WhatsApp cewa a busar da ƙwallon fiya a daka a sha, yana maganin hawan jini. Akwai wani dattijo da ya ajiye maganinsa na asibiti makonni uku saboda wannan gari; da na auna shi, ban bar shi ya koma gida ba sai da ɗansa ya zo ya kai shi asibiti. Binciken da ake jingina wannan magana da shi a kan ɓeraye da cikin ɗakin gwaji aka yi shi. Ba a tabbatar da amfaninsa ga ɗan Adam ba, ba a kuma tabbatar da cewa ba ya cutarwa ba. Hatta hukumar manoman fiya ta Kalifoniya, wadda za ta fi kowa son a ce komai na fiya magani ne, ta ce kada a ci ƙwallon. In kina son amfana da shi, ki shuka shi a bayan gida.

Ɓawon da ƙwallon kuma kada ki zuba su inda akuya ko zomo ko kaji za su kai baki. Fiya, musamman ganyenta da ɓawonta da ƙwallonta, tana da wani sinadari mai suna fasin wanda ba ya damun mutum a ɗan abin da ke cikin tsokar, amma yana iya kashe tsuntsaye da zomaye, ya kuma kumbura hantsar akuya mai shayarwa. A nan Orozo gidaje da yawa ana kiwo a tsakar gida, kwandon shara kuma a buɗe yake.

Maƙwabciyata ta koma bakin titi ranar Litinin ta sayo huɗu masu tauri. Biyu ta haɗa da ayaba a ƙwarya, biyu ta bar su a lungu don su biyo baya. Ranar Laraba da yamma 'yar ta aiko mini da ɗan kwano. Gishirin ya ɗan yi yawa, na kuma gaya mata.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba tambayar da da yawanku kuka aiko kan ajiye maganin ruwa na yara idan an ɗauke wuta.